Zoben Malam Dabgi a Jikin Maɗaci

A wani daji da ke tsakanin dutse da fadama, akwai wani tsohon maɗaci, shi kaɗai ne irinsa duk faɗin dajin. A gindinsa Majalisar Masana take zama kowace Laraba da hantsi. Gauraka ne shugabanta, ba don ya fi kowa sani ba, sai don an ga tukkun da ke kansa bai kamata ya tafi a banza ba.

Majalisar tana da wata al'ada da ta gada. Duk sa'ad da wani masani ya ambaci sunan ɗan'uwansa masani a cikin jawabi, sai Maƙwaƙƙwafi, magatakardan majalisa, ya tashi ya sari rami ɗaya a jikin maɗacin, a layin wanda aka ambata. Kowa da layinsa. Kuma da yake Maƙwaƙƙwafi ma'aikaci ne mai tsantseni, ba ya barin fili tsakanin rami da rami, ba ya kuma ɗaga baki sai ya huda ɓawo ya taɓa farin itace. Da tsawon layi ake sanin wanda zai zauna a inuwa da wanda zai zauna a rana. Ba a tambayar me aka faɗa game da kai. Ko yabonka aka yi, ko ƙaryata ka aka yi, ko sunanka aka jefa kawai don jawabi ya yi nauyi, ramin ɗaya ne. Kwaɗo da Bushiya sun shekara goma suna ambaton juna kowane mako, ba wanda ya taɓa sauraron ɗan'uwansa a cikinsu, kuma ba wanda ya ga laifin haka. Sama da duka akwai wani matsayi da ba a taɓa kaiwa ba: wanda layinsa ya kewaye bishiyar har ƙarshensa ya haɗu da farkonsa, shi za a kira Mai Zobe.

A shekarar da wannan abu ya faru, saura rami uku Malam Dabgi ya zama Mai Zobe.

Dole a yi masa adalci, Dabgi bai fara da ƙarya ba. Shi dai mai dogon hanci ne da kunnuwa kamar na jaki, abincinsa gara da tururuwa, don haka duk rayuwarsa kansa a ƙasa yake. Wannan sunkuyon ne ya sa ya ga abin da masu tukku ba su gani ba.

Wasu shekaru kafin nan mutane sun yi gonar rake a fadama, suka tashi suka bar ta. Gyauji, wani ƙaton ɓeran fadama, ya naɗa kansa mai gona. Ya ɗauki jajayen birai aikin cire ciyawa da gadi, ladansu kuwa rake ne, safe da yamma, iya cikinsu. Birai suka watsar da ganyaye da 'ya'yan itacen da iyayensu suka rayu a kai. Ba a yi damina huɗu ba sai wata cuta ta shigo musu, wadda mutanen gari ke kira ciwon suga. Biri ya yi ta shan ruwa ƙishi ya ƙi yankewa, ya yi ta fitsari, ya rame alhali yana ci. Ido ya dushe. Ƙaya ta soke shi a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa har ya cinye ƙafar.

Dabgi ya lura kiyashi na taruwa inda wasu birai suka yi fitsari, suna ƙyale na wasu. Ya bi abin. Damina tara yana binsa. Ya tare a gindin wata ƙirya inda gidan wata tsohuwar birinya yake, Inna Ladingo, ya roƙe su su yarda ya riƙa bin bayansu kowace safiya yana sunsuna inda suka tsuguna. Abin kunya ne, amma suka yarda. Suka lissafa masa matattunsu, wa ya haifi wa, wa ya makance, wa ya mutu da ƙafa ɗaya. Babbar 'yar Ladingo, Tabawa, ita ta fi kowa wahala da shi. Ita ke riƙe da sunayen kakanni a ka, ita ke lallashin masu jin nauyi.

Ranar da zai tafi Ladingo ta ce masa, "Malam, mun buɗe maka abin da ko surukanmu ba su gani ba. In ka gano, ka dawo ka gaya mana."

Ya ce, "Inna, ku za ku fara ji. In na kai wa wani kafin ku, Allah ya tambaye ni."

Ya kuwa gano. Ya gano cewa cutar jini take bi: birai da yawa suna shan rake ba abin da ya same su, amma duk wanda ya fito daga tsatson Ladingo, in ya dawwama a kan rake, sai ta kama shi, kuma kiyashi na sanin haka tun kafin mai ciwon ya sani. Ya kuma bi sawun wasu 'yan gidan da suka ƙi aikin gona tun farko, suka zauna a kan cin ganye, har suna satar tohon maɗacin majalisa suna taunawa duk da ɗacinsa. Su ne suka tsufa da idanunsu da ƙafafunsu.

Sai dai a kan hanyarsa ta komawa gindin ƙirya ya haɗu da Gauraka, wanda ya tuna masa ƙa'ida: bincike sai an fara karanta shi a majalisa, in ya riga ya shiga bakin talaka ya zama hira. Dabgi ya ce to, ai Laraba ɗaya ce. Ya tashi ya karanta. Ya fara da maganar masu shan rake suna nan lafiya lau, kowa na saurare. Daidai nan aka shigo da raken da Gyauji ke aiko wa majalisa kowane mako don girmama ilimi. Sauran jawabin, wato maganar jinin Ladingo da ta tohon maɗaci, ƙarar tauna ta cinye shi.

A cikin masanan akwai Aku, wanda a gonar Gyauji yake wuni, yana da ɗalibai goma sha biyu. Laraba ta zagayo ya miƙe ya ce, "Kamar yadda babban malaminmu Dabgi ya tabbatar bayan damina tara, birai da yawa suna shan rake ba abin da ya same su." Maƙwaƙƙwafi ya sari rami. Ɗaliban Aku suka maimaita, kowa da nasa ramin. Babu ƙarya a ciki ko ta kalma ɗaya. Gutsuren gaskiya ne aka yanko, aka kai fadama ana shelarsa kowace safiya kafin a raba rake.

Dabgi ya ji. Makon farko ya yi niyyar gyarawa, sai ya ga layinsa ya ƙaru da taƙi guda, aka matso da shi inuwa. Mako na biyu ya ce bari ya samu lokacin da ya dace. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Masu maganar ruwan sama suka fara ambatonsa, masu maganar ƙwan kada ma haka, don an gane jawabin da babu sunan Dabgi a ciki ba ya shiga kunne. Gindin ƙirya kuwa tafiyar rabin wuni ce, kuma ambaton biri ba ya zama rami. Shekara shida bai taka can ba.

Ranar Larabar da ake sa ran zobe zai haɗu, majalisa ta cika ta batse. An share gindin bishiya, an jibge rake tuli guda. Gauraka ya gyara tukku zai buɗe taro ke nan, sai aka ji jan ƙafa daga baya. Tabawa ce. Ta rame har ana ganin haƙarƙarinta, ƙafarta ta hagu naɗe da ganye, ƙudaje na bin ta. 'Yarta Hurera ke riƙe da ita, ita kuma ga tsohon ciki.

Gauraka ya ce, "Baiwar Allah, kin ɓata hanya. A fadama ake rabon rake."

"Na san inda ake rabon rake, ranka ya daɗe, shi ya mai da ni haka. Wurin wancan mai hancin na zo."

Aka yi gunaguni. Gauraka ya ce, "Nan majalisar masana ce. Ke kuwa, in ban manta ba, abin bincike ce. Abin bincike ba ya magana a nan."

"Damina tara ina magana yana saurare, ba wanda ya gaya min haka."

Ta saki kafaɗar Hurera, ta dafa wata saiwa, ta dubi Dabgi.

"Malam, ka gane ni? Duba da kyau, na san na canja. Ni ce Tabawa, mai nuna maka inda kowa ya tsuguna. Inna ta rasu shekara huɗu ke nan, ba ta gani, tana tambaya ko Malam ya dawo. Ƙannena biyu sun bi ta. Mun dai ji an ce ka gano. Kullum da safe wannan Aku mai jan wutsiyar yana sauka a fadama ya ce Malam Dabgi ya ce a sha rake ba komai. Muka ce to, Malam ya zauna da mu, ya san mu ciki da waje, ba zai cuce mu ba. Muka sha. Ni da haƙorina na ɓare wa yarinyar nan na sa mata a baki, na ce sha, malaminmu ya ce ba komai. Shekaranjiya da safe na bi bayanta kamar yadda na ga kana yi. Na ga kiyashi, Malam, sun yi dafifi. Ba ka taɓa gaya min abin da suke nufi ba, amma na gan su a bayan Inna, na gan su a bayana. Ni tawa ta ƙare. Ina jin warin ƙafata kamar yadda kuke ji, ba sai kun kau da kai a ɓoye ba. Ba wa kaina na zo neman magani ba. Amsa na zo karɓa, wadda ka ɗauko daga gidanmu. Me ka gano? Me yarinyar nan za ta ci, me za ta bari? Faɗa min nan da bakinka, in juya."

Kunnuwan Dabgi suka kwanta. Ya tashi a hankali, ya buɗe baki. Amma Aku ya riga shi.

"Ranka ya daɗe, kafin babban malami ya amsa, ina roƙon magatakarda ya tuna wa majalisa ƙa'idar gyara." Waɗanda suka san Aku sun lura cewa tun da aka zauna bai furta sunan Dabgi ba ko sau ɗaya. Ya riƙe shi a baki kamar mai riƙe da igiyar akuya.

Maƙwaƙƙwafi ya sauko reshen ƙasa, ya yi magana da muryarsa wadda ba ta hawa ba ta sauka. "Idan masani ya tashi a majalisa ya ce an ambace shi ba daidai ba, duk ramin da aka sara a kan wannan ambato za a kira Zanzaro ya toshe shi da laka. Na duba layin. Ramukan da suka samo asali daga maganar rake sun fi rabi nesa ba kusa ba. In aka toshe su, malam zai koma zama tsakanin Kwaɗo da Bushiya."

"A rana ke nan," in ji wani daga baya.

Sai a lokacin Tabawa ta ɗaga kai ta ga abin da ake magana a kai. Ta matsa, ta shafa layin da yatsa, ta bi shi da hannu har inda hannun ya kai.

"Wai wannan tsagar ce kuke wa wannan taron? Wane mara imani ya yi wa bishiya haka? Kai mai dogon baki, kar ka ƙara ko ɗaya. In tsagar nan ta haɗu, bishiyar nan ta mutu. Ba a kewaye ɓawo. Ɗan birin da ke goye ma ya san wannan."

Majalisa ta fashe da dariya. Gauraka ya bari ta lafa, sannan ya ce, "Wane masani ne ya faɗi haka?"

"Ba masani. A kan bishiya aka haife ni."

"To maganar ba ta da madogara. Magatakarda, a bar ta."

Duk cikin masanan nan ɗaya ne kaɗai bai yi dariya ba. Dabgi mai tonon ƙasa ne, ya sha ganin itacen da aka kewaye wa ɓawo, ya san birinyar ta yi gaskiya. Shi kaɗai ne kuma ya san tohon wannan bishiya shi ne abin da Hurera za ta tauna ta rayu. Ba wani dogon jawabi ake nema a wurinsa ba. Abin da zai faɗa kawai shi ne: ta bar rake, ta koma ganye, ta tauna tohon da ke saman kanmu, kai kuma magatakarda ka sauke baki. Numfashi ɗaya ya ishe shi. Ya dubi Hurera. Ya dubi ɗan filin da ya rage tsakanin ƙarshen layinsa da farkonsa, wanda bai fi faɗin yatsa uku ba. Sannan ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, 'yan'uwa masana, da ke 'yar'uwata Tabawa. Allah ya ji ƙan Inna, uwa ce gare ni. Na ji abin da ya same ku, ya kuma taɓa ni ƙwarai. Sai dai al'amarin cutar nan yana da sarƙaƙiya. Akwai abin da ya shafi abinci, akwai abin da ya shafi jini, akwai kuma abin da ke tsakaninsu, wanda bai kamata a yi masa gaggawa ba. Abin da abokin aikina ya ruwaito daga gare ni, ba zan ce ban faɗa ba. Ba kuma zan ce iyakar abin da na faɗa ke nan ba. Amma wannan ba magana ce ta tsaye ba, ga rana ta yi, ga baƙi. Na yi alkawari da zarar an kammala hidimar da ke gabanmu, zan zo gindin ƙirya da ƙafata mu zauna a natse. A halin yanzu dai, ina ganin ana bukatar ƙarin bincike."

Maƙwaƙƙwafi ba ya son aiki a dunƙule. Ya ce, "Allah ya gafarta malam, ni ban gane ba. Wannan gyara ne, ko ba gyara ba ne?"

Dabgi ya sake duban ɗan filin da ya rage.

"Ba gyara ba ne," in ji Dabgi.

Tabawa ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Dabgi. Dabgi. Dabgi. Sau nawa na kira ka?"

Maƙwaƙƙwafi ya zabura zai sara, don bakinsa ya saba. Gauraka ya daka masa tsawa, "Tsaya! Ambaton biri ne, ba ya cikin lissafi."

"Sau uku na kira ka," ta ci gaba, "ban sa maka Malam ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Alkawarin farko ma ban san ramin da ka binne shi ba, balle na biyu. Riƙe amsarka. Allah ya bar ka da ita, ka tsufa da ita, ka rasa wanda za ka ba. Hurera, kama ni mu tafi."

Ba su kai bakin fili ba Aku ya buɗe fiffike. "Ina gode wa Dabgi saboda dattakunsa. Kamar yadda Dabgi ya nuna mana yanzu, ana bukatar ƙarin bincike, kuma kafin a kammala shi babu dalilin da zai sa kowa ya canja abinci. Wannan shi ne matsayin Dabgi."

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Zobe ya haɗu.

Aka yi shewa, aka raba rake. Wani ɗalibin Aku mai tausayi ya bi matan biyu da sandar rake guda ya ce su riƙe a hanya. Hurera ta karɓa, don tafiyar rabin wuni ce a gabansu kuma ba su karya ba.

Tabawa ba ta ƙara kwana ashirin a duniya ba. Labarin ya iske Dabgi a wani daji can nesa, inda aka gayyace shi ya yi jawabi a kan yadda masani zai amfani al'ummarsa. An ce jawabin ya yi kyau. Daga wannan daji aka wuce da shi wani, daga can wani. Ko'ina sai a nuna shi a ce ga wanda ya yi maganin ciwon suga, shi kuma ya sunkuyar da kai, a ce dubi tawali'u. Wata bakwai ya yi yana yawo kafin abin da ke ƙirjinsa ya hana shi barci. Rannan ya juya ba tare da sallama da kowa ba, ya nufi fadama.

Ya iske Hurera a bakin gona tana cire ciyawa, da goyo a baya. Bai bukaci tambaya ba. Hancinsa ya gaya masa cutar ta kama ta, kiyashin da ke bin sawunta suka ƙarasa.

"Hurera."

Ta juyo tana ƙanƙance ido. "Wa ke nan?"

"Ni ne, Dabgi."

"Mai Zobe? Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. In ta'aziyya ka zo, an daɗe da tashi."

Ya gaya mata duka. Jinin Ladingo, da rake, da ganye, da tohon maɗaci. Bai sa sarƙaƙiya ba, bai ce ana bukatar komai ba. Abin da ya riƙe shekara shida da wata bakwai bai kai tsawon tauna gaɓar rake ɗaya ba.

Ta saurara har ya gama. Ta ce, "Wa ya faɗi wannan?"

"Ni."

"Rami nawa gare shi?"

"Ba shi da ko ɗaya. Amma shi ne gaskiya."

"Wancan da ake mana shela kullum, an ce ramukansa sun kewaye bishiya. Shi ma kai ka faɗa. A gabana aka tambaye ka ko gyara ne, ka ce ba gyara ba ne. To wane Dabgin zan bi, na jikin bishiya ko na gabana? In na ajiye aikin Gyauji yau, me zan ci kafin cikina ya saba da ganye, ga goyo? A kan maganar da mai ita ma ya ƙi tsaya mata?"

"Don darajar mahaifiyarki, Hurera."

"Cire bakinka daga sunanta."

Ta koma ga ciyawarta. Ta tuge ɗaya, ta tuge biyu, ta tsaya.

"Amma ita ta ja ruɓaɓɓiyar ƙafa rabin wuni saboda amsar nan, ba zan zubar da ita a ƙasa ba. Je ka kawo min tohon. In na riƙe shi a hannuna zan tauna, in bar rake wata guda in gani. In ba ka kawo ba, na san wannan ma jawabi ne."

Ba wanda ya taɓa ganin Dabgi yana gudu sai ranar. Ya isa gindin maɗaci da la'asar sakaliya, ranar Laraba ce kuwa, zama ya yi tsawo. Ya ɗaga kan da bai saba ɗagawa ba.

Babu ganye ko ɗaya. Daga zoben zuwa sama ɓawo ya bushe yana ɓarewa, rassan sun yi fari. Masana na zaune kowa a mazauninsa na da, manya a inda inuwa take a baya, ƙanana a inda rana take, kuma rana ɗaya ce ke dukansu duka. Ba wanda ya yarda ya matsa, kada a ce ya sauka daga matsayinsa.

Dabgi ya hau tonon gindin bishiyar ko zai sami ɗan tsiro a jikin saiwa. Abin da ya tarar gara ce, ta cika ko'ina. Karo na farko ke nan da ya ga abinci ya ja da baya. Ya fito da ƙasa a fuska yana ƙwala wa Zanzaro kira.

"Toshe su! Duka! Na yarda, gyara ne, toshe su!"

Zanzaro ya kewaya zoben sau ɗaya, ya dawo. "Malam, ni laka nake sawa. Ba na ɗinkin ɓawo."

Sai Dabgi ya juya ga majalisa, ya faɗi duk abin da ya gano da ƙarfi, har muryarsa ta dishe. Wannan karon babu mai tauna, kowa ya ji. Gauraka ya jira ya gama, ya ce, "Mun ji bayanin Mai Zobe da girmamawa. Sai dai ƙa'ida ba ta tanadi gyara bayan zobe ya haɗu ba. Mai Zobe ba a gyara masa, ba ya kuma gyara kansa, don in aka buɗe wannan ƙofa babu layin da zai tsira." Aku ya ƙara da cewa tafiya ta gajiyar da malam, ga kuma shekaru, ya kamata a bar shi ya huta. Da yake ya ambaci sunan a cikin maganar, Maƙwaƙƙwafi ya tashi ya fara layi na biyu a ƙarƙashin na farko.

Washegari Dabgi ya koma fadama. Hurera ta ji takunsa tun daga nesa, ta miƙe, ta miƙo tafin hannu.

"Ina tohon?"

Ya tsaya a gabanta hannu wofi, ya mai da kai ƙasa.

Ta ɗan jima da hannun a buɗe. Sannan ta janye shi, ta ɗauki rabonta na safe, ta ɓare da haƙori. Ɗan da ke bayanta ya miƙo hannu ta saman kafaɗarta, ta gutsura masa.

Iskar farko ta bazara ta karya maɗacin daidai kan zoben, ba ta kauce ko da yatsa ɗaya ba. Majalisa ta yi zama na musamman a kan gungumen. Bayan doguwar muhawara aka amince baki ɗaya cewa tun da aka kafa dajin ba a taɓa yin masani mai tasirin Malam Dabgi ba, domin ga shi kowa na gani. Aka sa Bushiya ta riƙa share wurin, aka kuma naɗa kwamitin neman wata bishiyar mai kauri.

Har yau, in baƙo ya shigo dajin nan ya tambayi abin da ilimi ya yi wa masu ciwon suga, ba a wahalar da shi da dogon bayani. Kututturen ake kai shi ya gani.